Mun Ce Gawayin Maƙera Ne Yake Fita

Da sunan Allah, wanda ya ba mu aron Yaya Haladu shekara hamsin da ɗoriya, ya kuma karɓi abinsa a farkon daminar bara. Sunana Nafi'u. Mai shayi ne ni a bakin kasuwar Karaye, kuma ƙanin mamacin ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ba gwanin rubutu ba ne, amma abin da zan faɗa ya daɗe yana ci na a rai, kuma ina tsoron akwai gidan da yanzu haka ake irin murnar da muka yi.

Gidanmu gidan ƙira ne a unguwar Daura, nan cikin Karaye. Ina ɗan shekara tara mahaifinmu ya rasu, Yaya ya gaji maƙerar, ya gaje ni. Shi ya sa ni a makaranta, shi ya yi mini aure. Ya so in koyi sana'ar gidanmu, amma ni da masaba ba ma shiri, in na yi kwana uku ina dukan ƙarfe sai in kwanta kwana huɗu. Da ya ga ba ni da niyya, sai ya haɗa mini tebur, ya ƙera mini murhun da har yau butata take kai. Bai taɓa barin tsokanata a kan haka ba. Yakan ce, "Nafi'u, ka gudu daga wutar maƙera ka faɗa wutar shayi, to ina ribar gudun?"

A kan teburina, kusa da gwangwanin sukari, akwai wani gwangwanin. A cikinsa nake ajiye haɗin gajiya, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙullin leda, ja da fari da ruwan ɗorawa. Wani mai babur ne yake kawo mana duk ranar kasuwa. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ban kuma taɓa tambaya ba. 'Yan dako da masu faskare da manoma sukan zauna su ce, "Shayi, a haɗa mini da ɗaya." A wurinmu ba magani ba ne, abokin shayi ne, kamar burodi.

Yaya ya yi wajen shekara shida yana sha. Kafaɗarsa ta dama da ƙugunsa sun gaji da masaba. Kullum bayan sallar asuba sai su zo shi da Ɗanlami, abokin aikinsa tun suna samari, wanda rumfarsa take jikin tasa, su zauna a benci ɗaya. Yaya ba ya cin komai da safe, wai cikakken ciki ba ya ɗaga guduma. Ruwan bunu kawai, ba madara, ya kora ƙulli ɗaya, ya tashi. Ban taɓa karɓar ko sisinsa ba. Da hannuna nake kwance masa ledar in zuba masa a tafi, ina jin daɗi a raina cewa ga wani abu da ni ma nake yi wa mutumin da ya yi mini komai.

Ciwon ya fara ne da bazara, lokacin da maƙera ba sa samun sukuni. Manoman Zoza da ƙauyukan Rogo sun kawo aikin garemani da fartanyoyi da sungumi, kowa yana so a gama masa kafin ruwa ya sauka. Wata safiya na ga Yaya ya zauna ya danna hannu a ƙahon zuci, nan inda haƙarƙari ya rabu. Na tambaye shi, ya ce wani zafi ne kamar an ajiye masa garwashi, kuma kwana biyu cikinsa ya ɗan lalace. Ɗanlami ya yi dariya ya ce, "Mangwaro ne. Jiya na ƙirga masa ƙwallo bakwai a gindin uwar maƙera." Muka yi dariya gaba ɗaya, har shi Yayan.

Ni kuwa sai na kwance masa ƙulli biyu maimakon ɗaya. Na ce ciwo ai ciwo ne, abin da ya kashe na kafaɗa zai kashe na ciki. Ya kuwa ɗan lafa masa zuwa hantsi, ya yi aikinsa. Da yamma ya dawo fiye da na safe, sai ya aiko a karɓo masa wani. Haka muka cinye makon farko, ciwo yana ƙaruwa ina ƙara masa abin da yake hura shi.

A mako na biyu Gwaggo Indo ta zo daga Jajaye. Ƙanwar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage mana a manya, kuma duk danginmu babu wanda bai sha jiƙonta ba. Ta dubi Yaya, ta latsa cikinsa, ta ce dattin ciki ne ya taru. Ta kwance ƙullin saiwoyi da sassaƙen da ta zo da su, ta ba Zulai, matar Yaya, ta ce a jiƙa ya riƙa sha safe da yamma.

Kwana uku da fara sha, na shiga gidan da azahar in duba shi, na tarar da Gwaggo a tsakar gida fuskarta cike da fara'a.

"Nafi'u, zo ka ji," in ji ta. "Magani ya kama. Zulai ta ce abin da yake fita baƙi ne ƙirin, kamar kwalta, har danƙo yake, ga wari kamar me."

Na ce, "Baƙi kuma, Gwaggo?"

"To me kake so ya fita? Shekara talatin da wani abu yaron nan yana kan wuta yana shaƙar gawayi. Ka dubi hannunsa, ka dubi majinarsa in ya kakaro. Duk wannan baƙin ina kake tsammani yake tafiya? A ciki yake kwanciya. Ubanku ma da an samu an wanke masa nasa, da bai tafi da wuri ba."

Wallahi maganar ta shige ni. Duk wanda ya tashi a gidan ƙira ya san baƙi. Bangon ɗakinmu baƙi ne, ruwan wankan Yaya baƙi ne, farcensa ko ranar Idi ba ya fari. Shi kansa Yaya, yana kishingiɗe a tabarma, ya ɗago kai ya ce, "Ashe buhun gawayi nake yawo da shi ban sani ba. Ku tara shi, ya yi tsada bana." Gwaggo ta sa aka soya ƙosai aka raba wa yaran unguwa sadaka. Ni na sayo man da aka soya shi.

Zuwa ƙarshen makon sai jiri ya shigo. In ya miƙe daga sujada sai ya dafa bango. Ya ce zuciyarsa tana bugawa kamar wanda ya yi gudu. Gwaggo ta ce haka magani mai ƙarfi yake yi, amma ni hankalina bai kwanta ba, sai na ɗauke shi a babur zuwa wani ƙaramin ɗakin shan magani. Ma'aikaciyar da muka samu yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, yaya bayan gida?"

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗan zawo ne kawai."

"Akwai jini a ciki?"

"Babu."

Gaskiyarsa ya faɗa, don mu jini ja muka sani. Na buɗe baki zan ambaci baƙin, sai ya dube ni ta gefen ido, irin kallon da yake yi mini tun ina yaro in na fara zuba a gaban baƙi. Na haɗiye maganata. Dattijo kamar Yaya ba zai zauna yana siffanta wa 'yar cikinsa kashinsa ba, ni ma kuma ba zan tona shi ba.

Ta ce, "Kana shan wani magani?"

Ya ce jiƙo ne na gargajiya. Ta juyo gare ni, na ce shi ke nan. Ban ɓoye haɗin da gangan ba, Allah shi ne shaida. Bai ma zo mini a rai cewa yana cikin abin da take tambaya ba. Ta ba mu ruwan gishiri da sukari da wasu ƙwayoyi na zawo, ta ce in bai tsaya ba cikin kwana biyu mu wuce babban asibiti a yi gwaji. Ban ga laifinta ba. Abin da muka ba ta da shi ta yi aiki.

Kwana biyun suka zama takwas. Zawon ya ɗan ragu, sai muka ce sauƙi ne. Abin da ya fara ba ni tsoro hannunsa ne. Da ya kwana biyar bai taɓa gawayi ba, sai tafinsa ya fito fari fat, leɓɓansa ma haka. Zulai ta ce, "Ka ga yayanka ya yi haske." Ta faɗa da murmushi, amma idonta bai yi murmushin ba.

Ranar Talata, a ƙarshen mako na uku, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Akwai garmar shanu ta wani manomi daga Zoza da Yaya ya yi wa alkawari. Ya ce ba zai bari ruwa ya sauka mutum yana jiransa ba. Ya zo teburina da safe yana jan ƙafa, ya miƙo tafinsa. Na zuba masa. Wannan ne na ƙarshe da na ba shi, kuma har yau ina ganin hannun nan a buɗe.

Da hantsi Ɗanlami ya zo da gudu, ko takalmi babu. Na tarar da Yaya a kwance gefen zugazugi, gumi ya jiƙa shi, jikinsa sanyi ƙalau. Ya yi amai, abin da ya fito kamar ganyen shayin da ya kwana a gindin buta. Muka sa shi a mota sai asibiti.

Mun tarar da layi tun daga baranda har gindin bishiya, likita ɗaya ne a kan kowa. Mai ba da kati ya ce mu bi layi. Ɗanlami, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce masa, "Malam, dubi mutumin nan da kyau, sannan ka sake faɗa." Wata tsohuwa da ke gaba ta ce a wuce da shi, sauran ma suka matsa. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Likitan saurayi ne siriri, da alama bai karya ba shi ma. Ya ja fatar idon Yaya ƙasa, ya duba, ya kama hannunsa ya ji bugun jininsa. Nan take ya sa aka ɗaura masa ruwa. Sannan ya ce, "Bayan gidansa wace kala ce?"

Wannan karon Zulai ce ta amsa, ba ta ko dubi mijinta ba. "Baƙi ne, likita. Kamar kwalta."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana goma sha shida."

Na lissafa a raina, na ga ya girmi zuwan Gwaggo da kwana uku. Ashe tun kafin ya kurɓi jiƙon abin ya fara, kunya ce ta hana Zulai faɗa sai da ta samu mace babba. Ni kuma, don in nuna mun san abin da muke yi, sai na ce, "Likita, maƙeri ne. Gawayin da ya shaƙa ne yake fita."

Bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye bironsa ya ce, "Gawayin da aka shaƙa huhu yake tafiya, ba ciki ba. Wannan jini ne. Akwai gyambo a cikinsa da yake zubar da jini. In jini ya zuba daga can sama, kafin ya bi hanji ya fito ya riga ya dahu, ya koma baƙi. Kwana goma sha shida jininsa yana tsiyaya kuna kallo."

Ya dahu. Wannan kalmar ce ta zauna mini. Na tuna ƙosan sadaka.

Ya ce akwai abin da kan sa bayan gida ya yi baƙi ba tare da haɗari ba, kamar ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki, amma wannan ba ya zuwa da ciwo da jiri da irin wannan warin. Ya ce gyambon ciki yakan samu daga wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi, yakan kuma samu daga yawan shan maganin ciwon jiki, musamman a kan yunwa. Sai ya tambaya ko Yaya yana shan irin waɗannan. Akwai ƙulli biyu a aljihuna, na riƙo su ne don in ba shi in ciwon ya tashi a hanya. Na ciro na ajiye a kan tebur. Ya kwance, ya baza su da bakin biro. Ya ce uku daga ciki aikinsu ɗaya, kowace ita kaɗai tana iya cinye bangon ciki in an daɗe ana sha, ga shi an haɗa su wuri guda, an ƙara da wata da ke taya su ɓarna.

"Wa yake ba shi wannan?"

Ɗanlami yana waje wurin karɓo kati, daga ni sai Zulai, ita kuma ta sani. Sai Yaya ya buɗe ido daga kan gado, da muryar da da ƙyar ake ji, ya ce, "Ni nake saya a kasuwa."

Ko a wannan halin rufa mini asiri yake yi, ni kuma na bar shi ya rufa.

Aka ce yana bukatar jini leda uku da gaggawa. A nan na ga mutane iri-iri. 'Yan uwan da suka cika baranda da sannu, da aka ambaci ɗibar jini sai wannan ya tuna bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, wancan ya tuna ya bar shanu a daji. Ban riƙe su a rai ba, tsoro ne, amma ban manta ba. Nawa ya dace da nasa, aka ɗiba. Ɗanlami ya nannaɗe hannun riga ya ba da nasa. Na ukun wani maƙeri ne daga layinsu da suka yi shekara biyu ba sa ga maciji da Yaya a kan maganar rumfa. Ya zo, ya bayar, ya tafi, bai ko shiga ɗakin ba. Zulai ta sayar da tumakinta biyu don allurai da gwaje-gwaje, maƙera kuma suka haɗa abin da ya sawwaƙa suka kawo a ƙullin hula.

Mako na huɗu shi ne makon da ya yaudare mu. An yi ta yi masa allurar da ke kashe zafin ruwan ciki, aka hana shi jiƙo da yaji da duk wata ƙwaya da ba su ba shi ba. Jini ya dawo masa a fuska. Ya sha kunu, ya zauna da kansa, har ya ce da ni, "Yanzu da jinin mai shayi a jikina, ina jin ba zan ƙara iya ɗaga masaba ba." Na yi dariya har da hawaye. Likita ya ce kada mu saki jiki, dole a kai shi Kano a zura masa wata 'yar igiya mai kyamara ta baki, a ga gyambon, in da hali a toshe inda yake zuba. Ya rubuta mana takarda. Na je Kano da kaina, na wuni a layi, aka ba mu rana nan da kwana tara. Na roƙi mai rubutun, na ce mutumin nan jini yake zubarwa. Ya nuna mini littafin, shafi bayan shafi duk sunaye, ya ce kowannensu haka ɗan uwansa ya faɗa. Ban san wa zan ji wa haushi ba, amma na ji shi, kuma har yanzu bai sake ni ba.

Masu ba da shawara ba su huta ba. Wani ya ce kada mu yarda da Kano, yanka mutum kawai suke yi. Wani ya ce nonon raƙumi. Gwaggo ta dawo daga Jajaye da sabon jiƙo a galan. Zulai ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta zagaya bayan ɗaki ta tuttular. Da na zaunar da Gwaggo na gaya mata abin da likita ya ce game da baƙin, sai ta ce, "Ni na ce a yi sadaka." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Tsohuwar nan ƙauna ce ta hau da ita mota daga Jajaye, kuma na fi kowa sanin yadda ƙauna take yin irin wannan ɓarnar.

Kwana biyar cikin taran, baƙin ya dawo, amai ya biyo baya, wannan karon da ja a ciki. Likita ya ce ba jira, mu tafi yanzu. Muna kan hanyar Kano ruwan farko ya sauka. Yaya yana kwance kansa a cinyata, ya ji ƙamshin ƙasa, ya ce, "Ga shi ya sauka ban gama garmar mutumin nan ba."

A Kano an karɓe shi, ba zan ce ba a yi ƙoƙari ba. Mun yi awa uku a kan benci kafin gado ya samu, amma da ya samu sun tsaya a kansa. Suka ƙara masa jini, washegari suka zura kyamarar. Wata likita ta kira ni gefe ta ce sun ga gyambon, babba ne, ya ci har ya kai ga jijiya. Sun toshe abin da za su iya, amma jikin ya daɗe babu isasshen jini, ƙodarsa ta fara gazawa. Ta ce da a makon farko ne, ƙwayoyi na 'yan makonni da barin haɗin nan sun isa. Ba ta faɗa don ta ƙona mini rai ba, tambayarta na yi.

Ranar Alhamis da hantsi ya farfaɗo sosai. Zulai ta fita alwala. Na durƙusa a gefen gadon na kama hannunsa na ce, "Yaya, ni na kashe ka. Ka yafe mini."

Ya ce, "Kai, rufe mini baki. Wa ya ba ka ikon kashe mutum? Ni nake miƙo hannu, kai kuma ka ba ni don kana so na. Na yafe maka duniya da lahira." Ya huta, ya ja numfashi. "Abu uku. Garmar mutumin Zoza, Ɗanlami ya ƙarasa. Gwangwanin nan, ka zubar. Sannan ka gaya wa Ɗanlami da sauran, su ma sha suke yi."

Na ce to. Bayan la'asar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar nan ta zama kaffara.

Biyu na cika a cikin ukun. Ɗanlami ya ƙarasa garmar, mai ita ya zo ya karɓa yana kuka. Gwangwanin na juye shi a masai tun kafin sadakar uku. Na ukun ne ya gagare ni. A wurin zaman makoki kowa cewa yake, ciwon ciki ne, kwana ya ƙare, ni ma in ce haka ne. Masu tambayar haɗi na ce musu mai kawowa ya daina zuwa. Ina kallo suna gama shayina su tsallaka titi su saya a wani teburin. Na kasa buɗe baki in ce abin da na yi shekaru ina zuba muku a tafi shi ya ci yayana. Tsoro nake ji a nuna ni a kasuwa a ce ga wanda ya kashe wansa.

Haka na yi wata biyu da wani abu. Wata safiya ana tsakiyar noma, teburina cike da mutane, Ɗanlami ya zo ya zauna. Aikinsa ya ninku tunda na Yaya ya dawo kansa. Na ga ya ajiye kofi ya danna hannu a ƙahon zuci. Wani ya ce masa lafiya, ya ce, "Cikina ne kwana biyu. Amma alhamdu lillahi, na fara shan jiƙo, datti ya fara fita."

Ludayi ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Malam Ɗanlami, wace kala ce?"

Wani dattijo da burodi a hannunsa ya ce, "Haba Nafi'u, abinci fa muke ci."

Na ce, "Ku yi haƙuri, Baba. Malam Ɗanlami, don Allah, wace kala ce?"

Ya dube ni kamar na zage shi. Sannan ya rage murya ya ce, "Baƙi. Ai ka san aikinmu."

A nan tsaye, da tsumman goge tebur a kafaɗata, na faɗi komai. Na faɗi abin da likita ya ce, na faɗi ƙulli biyun da na riƙa ba Yaya, na faɗi ƙaryar da ya yi don ya rufe ni, da saƙon da ya bar mini na danne. Ban san ina kuka ba sai da na ji gishiri a bakina. Babu wanda ya zage ni. Babu kuma wanda ya ce ba komai. Na kashe wuta, na bar shayin a buta, na goya Ɗanlami a babur.

Gyambo ne shi ma, amma bai yi nisa ba. Kwana biyu ya yi a gado, ko jini ba a ƙara masa ba. Aka ba shi ƙwayoyi na 'yan makonni, aka kashe ƙwayar cutar da aka samu a cikinsa, aka hana shi haɗi har abada. Kafaɗarsa tana damunsa, likita ya ba shi wani maganin da ba ya taɓa ciki, ya ce ya riƙa cin abinci kafin ya hau aiki.

Don haka nake roƙon duk wanda wannan takarda ta isa gare shi. In ciki yana ciwo, bayan gida ya koma baƙi mai danƙo da wari, ba datti ba ne, ba gawayi ba ne, ba alamar magani ya kama ba ce. A tafi asibiti a ranar, a faɗi kalar da baki ko da a gaban wa, a kuma zazzage duk abin da ake haɗiya a kan teburin likita, har wanda ba a ɗauke shi magani ba. Ina godiya ga waɗanda suka ba da jininsu da waɗanda suka matsa mana a layi. Wasu abokan cinikina sun koma teburin tsallake, na kuma san har yanzu ana kwance leda a can kowace safiya.

Ɗanlami yana nan, yana zuwa bayan asuba kamar da. Yanzu da burodi yake shan shayinsa, ni nake tilasta masa. In ya zo yakan zauna a ƙarshen bencin, ya bar wurin mutum ɗaya a gefensa, ko da kuwa tebur ya cika. Ban taɓa ce masa ya matsa ba.